Max Reinhardt: Mutumin da ya sa daji ya juya a kan dandamali

A farkon ƙarni na 20, sau da yawa ana nuna wasannin Shakespeare a Jamus ne kamar ana ba da darasi. Ɗan wasa ya tsaya gaban zanen da aka rataye yana ta zuba magana, 'yan kallo kuma sun yi tsit don girmamawa, ko da kuwa wasan na barkwanci ne. Max Reinhardt na cikin waɗanda suka ce da sake.

An haife shi ranar 9 ga Satumba, 1873, a garin Baden kusa da Viyana ta ƙasar Ostiriya, cikin iyalin Yahudawa 'yan kasuwa. Sunansa na yanka Maximilian Goldmann. Ya taɓa koyon aikin banki, amma hankalinsa na ga wasan kwaikwayo. A 1894 darakta Otto Brahm ya ɗauke shi zuwa Barlin, inda ya yi suna wajen fitowa a matsayin tsoho alhali yana saurayi.

A watan Janairun 1905 ya shirya A Midsummer Night's Dream, wasan Shakespeare a kan masoya huɗu da suka ɓace cikin daji, aljanu suka rikita musu soyayya. Maimakon zane, sai ya kafa daji sosai, da itatuwa masu kauri da ciyawa, a kan dandamali mai juyawa. Masoyan na gudu, dajin na juyawa da su, kiɗan Mendelssohn na tashi. 'Yan wasa suka yi ta tsalle da birgima. Jama'a kuwa suka yi ta tururuwa. A shekarar ce aka damƙa masa shugabancin Deutsches Theater.

Bai tsaya ga masu hannu da shuni ba. A 1919 ya mayar da wani tsohon gidan wasan dabbobi na Barlin ya zama zaure mai ɗaukar mutum wajen 3,000, don mai ƙaramin ƙarfi ma ya samu kujera. A 1920 shi da marubuci Hugo von Hofmannsthal da mawaƙi Richard Strauss suka kafa bikin Salzburg, wanda har gobe ake yi. A 1924 ya buɗe gidan wasansa na Viyana da barkwancin Goldoni na ƙarni na 18, labarin baran da yunwa ta sa ya kama aiki da iyayengida biyu.

Sai 'yan Nazi suka hau mulki a 1933. Dole ya bar Jamus da gidajen wasan da ya raya. Amma bai rabu da dajin nan nasa ba. Ya shirya wasan a fili a Oxford a 1933, sannan a Hollywood Bowl a 1934, ya kuma mayar da shi fim a 1935 da James Cagney da Mickey Rooney. Fim ɗin ya ci lambar Oscar biyu, amma aka hana nuna shi a Jamus, don shi da Mendelssohn duk jinin Yahudawa ne.

A 1938, yana Amurka, Hitler ya haɗe Ostiriya, aka ƙwace gidansa na Leopoldskron. Duk wanda ya taɓa barin gida da sana'arsa a hannu ya san abin da ya biyo baya: suna na nan, amma sai an sake farawa daga tushe, da harshen da ba naka ba. Ya buɗe makarantar 'yan wasa a Hollywood, kuɗi suka yi ta ba shi wahala. Ya rasu a New York ranar 31 ga Oktoba, 1943, bayan bugun jini ya taɓa masa ƙwaƙwalwa, yana da shekara 70.

Makarantar wasan kwaikwayo da ya kafa a Viyana tana ɗauke da sunansa har yau. Abin da ya bar wa daraktoci kuwa shi ne, in wasan barkwanci ne, kowane irin tsufa ya yi, to a shirya shi yadda mai kallo zai yi dariya.