Nana Asma'u, Uwargidan Waziri Giɗaɗo

Duk wanda ya tashi daga nan Garu, cikin ƙasar Illela, ya kama hanyar Sakkwato, ta ƙasar Gwadabawa zai ratsa. A can ne Degel ta ke, kusa da Cimmola. Ƙaramin wuri ne, amma a nan aka haifi macen da za mu ba da labarinta a watan nan, wajen shekara ta 1793. Sunanta Asma'u, ɗiyar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Ita Musulma ce, mu kuwa masu bin Almasihu ne. Amma bai kamata mu san labarin matan Ingila da na Amurka, mu kuma jahilci na wadda aka binne cibiyarta kusa da ƙofarmu ba. Mutane sun san ta wajen ilmi da waƙa. Mu dai muna so mu dube ta cikin gidanta, watau yadda ta riƙe miji da 'ya'ya da baƙi har tsufanta.

Ƙuruciyarta

Ubanta, a Maratta aka haife shi cikin 1754, kusa da Galmi, ƙetaren iyakan nan tamu, cikin ƙasar Nijar ta yau. Sunan uwarta Maimuna. Asma'u 'yar tagwaye ce, ɗan'uwanta shi ne Hassan. Bisa al'ada da sai a sa mata sunan tagwaye, amma Shehu ya ba ta sunan Asma'u ɗiyar Abubakar, wadda tarihin Musulunci ya ce ita ce ta riƙa kai wa ubanta da Annabi Muhammadu guzuri a kogon dutse sa'ad da suka fita daga Makka. Ashe tun ran suna an haɗa ta da zancen guzuri da gudun hijira.

Tana ƙarama uwarta ta rasu, sai sauran matan Shehu suka goye ta. A gidan nan mata suna karatu kamar yadda maza su ke yi. Ta koyi Larabci, ga Fillanci harshen gidansu, ga Hausa, har da harshen Buzaye.

Cikin Fabrairu 1804 rigima ta yi tsanani tsakanin Shehu da Yunfa Sarkin Gobir, sai jama'a suka bar Degel zuwa Gudu. Asma'u ba ta wuce shekara 11 ba. Daga nan sai yaƙi. Aka yi na Tabkin Kwatto cikin Yuni, jama'ar Shehu suka yi nasara. Ƙarshen shekaran nan aka yi na Tsuntsuwa, aka kashe musu mutum wajen 2,000. Yunwa ta shiga sansani, har cikin 1805 suka koma Zamfara neman abinci, daga can suka tafi Gwandu. Yarinyar da ta ga haka da idonta ta san abin da tukunya marar kome ta ke yi wa gida. Gama mai yunwa ba ya jin karatu, ba ya kuwa jin lallashi.

Aure da 'ya'ya

Wajen 1807 aka aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, aminin wanta Muhammadu Bello. Ya girme ta ƙwarai, shi ma malami ne. A 1808 Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi. A 1809 Bello ya fara ginin Sakkwato. Da Shehu ya rasu cikin 1817, Bello ya zama Sarkin Musulmi, Giɗaɗo kuwa ya zama Wazirinsa. Ta haka Asma'u ta zama uwargidan gida na biyu wajen girma cikin dukan ƙasar.

Ta haifa masa 'ya'ya maza shida, ɗaya ya rasu tun yana jariri. Ta san zafin da uwa ta kan ji ran da aka fita da ɗanta a tabarma. Sauran ta yi renonsu, suka tashi da karatu. Tana cikin goyo ne ta rubuta littafinta na fari, wajen 1820. Auren nan ya kai shekara 40 da 'yan kai, ba su rabu ba sai da mutuwa ta raba.

Tukunyar gidan Waziri

Mai karatu, ka tuna a zamanin nan babu injin niƙa, babu famfo. Kafin tuwo ya shiga akushi sai an sussuka gero, an sheƙe, an surfa, an wanke, an niƙa a dutse ko an daka a turmi, an tankaɗe. Sai an ɗebo ruwa daga rijiya, an samo itace, an hura murhu, an tsaya bisa tukunya da muciya cikin hayaƙi. Fura kuma da nata aikin dabam. Wannan domin gida ɗaya ke nan mai mutum goma. To, ina ga gidan Waziri?

Gama a wurin Waziri ne manzannin sarakuna su kan sauka, daga Kano da Katsina da Zazzau da sauran ƙasashe. Har Baturen Ingila, Kyaftin Kilafaton, da ya iso Sakkwato cikin Maris 1824, gidan Giɗaɗo aka kai shi masauki, ya kuwa yaba karimcin mai gidan cikin littafinsa. Mun sani mai gida a ke yabo a zaure, amma daga cikin gida akushi ya ke fitowa. Gaskiya ne a irin gidan nan akwai bayi da kuyangi, su ne su ke shan wahalar turmi, kada kuwa mu manta da su. Amma rumbu da awo da rabo, aikin uwargida ne. Ita za ta san yawan bakin da za su ci, da wanda ya iso da dare, da marar lafiyan da ba ya iya haɗiye tuwo sai kunu.

Asma'u ba ta rena wannan aiki ba, shaidarmu kuwa ita ce waƙoƙinta. Da 'yar'uwarta Faɗima ta rasu, matar Aliyu Jedo shugaban mayaƙa, ta yi mata waƙar makoki. A ciki ta yabe ta domin ciyad da dangi da baƙi, da shirya guzuri in za a fita yaƙi. Ta yi wa wata maƙwabciyarta Halima waƙa saboda kyaun zama da mutane. Ta yi wa Zaharatu, wadda ta kan taimaki mata wajen haihuwa. Malamai da yawa sarakuna su kan yi wa waƙa. Ita kuwa ta sa sunayen irin waɗannan mata a takarda, shi ya sa har yau ba su ɓace ba.

'Yan Taru

Yaƙi bai bar ƙasan nan yadda ya same ta ba. Ya bar marayu da gwauraye, ya kuma kawo mata da yawa da aka kamo daga Gobir da sauran wurare, aka raba su da danginsu. Cikinmu akwai jikokin waɗanda suka ci yaƙi, akwai kuma jikokin waɗanda aka ci. Matan nan ba su jin Larabci, ba su jin Fillanci. Domin irinsu ne Asma'u ta riƙa yin waƙoƙin koyarwa da Hausa, yadda mace za ta haddace, ta rera tana kaɗi ko tana daka.

Wajen ƙarshen zamanin Bello ta kafa abin da a ke kira 'Yan Taru. Ta kan zaɓi dattijuwa mai hankali daga ƙauye, ta naɗa ta jaji, ta ba ta malfa da jan rawani. Malfan nan dā alamar Inna ce ta Gobir, shugabar bori, saboda haka talakawa sun riga sun san girmanta. Jaji ta kan tattaro 'yan mata da tsofaffi, su taka da ƙafa zuwa Sakkwato. Matan aure masu goyo su kan zauna gida, in ayari ya komo a koya musu abin da aka samo. Masu zuwa su kan riƙo hatsi da zuma da man shanu da zane. Asma'u ta kan karɓe su, ta koya musu, abin da suka kawo kuma a raba wa mabukata. Ga makaranta ke nan wadda ba ta da gini, ba ta kuwa hana kowace mace aikin gidanta ba.

Tsufanta

Bello ya rasu a Wurno cikin 1837. Bayansa ita da mijinta suka duƙufa wajen rubuta labarin Shehu da na Bello, tun waɗanda suka gani da ido ba su ƙare ba. A 1842 Giɗaɗo ya bar sarauta, ɗansu Abdulƙadir ya zama Waziri. Wajen 1850 Giɗaɗo ya rasu, ta yi masa waƙar makoki, ta tuna yadda ya kula da baƙi da masallaci. Wajen 1859 Abdulƙadir kuma ya riga ta. Ta binne uba, da abokin tagwaicinta, da wa, da miji, da ɗa, duk da haka ba ta rufe ƙofarta ba, ba ta ajiye alƙalami ba. Abin da ya rage na rubutunta ya kai wajen 60, da Larabci da Fillanci da Hausa.

Ta rasu wajen 1864, tana da shekara 70 da ɗoriya. Aka binne ta a Hubbare, kusa da ubanta. Ƙanwarta Maryamu ta ci gaba da riƙon 'Yan Taru. Jikanta Buhari ɗan Ahmadu shi ne Waziri sa'ad da Turawa suka ci Sakkwato a 1903. Ɗansa Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997, shi ya adana takardunta, ya kuma buɗe su ga wata Baturiya malamar makaranta, Jean Boyd, wadda ta buga tarihinta da Turanci a 1989. Yau makarantun 'yan mata da yawa a Arewa suna ɗauke da sunanta.

Abin da za mu ɗauka

'Yan'uwa, har yanzu akwai mai cewa in yarinya ta yi karatu ba za ta iya tuwo ba, ba za ta zauna gidan miji ba. Labarin Asma'u ya isa amsa. Akwai kuma wadda ta yi karatu kaɗan, ta ga murhu ya yi mata ƙanƙanta. Ita ma ta duba, gama wadda ta fi ta ilmi ba ta ga haka ba.

Mu maza kuwa namu ya fi nauyi. Da Shehu ya hana ɗiyarsa allo, ko da Giɗaɗo ya hana matarsa alƙalami, da ba mu da labarin da za mu bayar yau. Bari kowane mai gida ya tambayi kansa abu biyu. 'Yarsa tana makaranta? Matar da ta shekara 20 ko 30 tana tuƙa masa tuwo, ya taɓa gode mata da bakinsa? In a ƙauyenku akwai tsohuwar da ta ciyad da gida da baƙi duk kwanakinta, kada a jira sai ran jana'iza a faɗi kirkinta. A tafi a gaishe ta tun tana ji, a kuma rubuta sunanta domin jikoki.