Ettore Bugatti: Mutumin da ya ɗauki ƙirar mota tamkar sassaƙa

A yau idan aka ambaci Bugatti, abin da ke zuwa a ran jama'a shi ne motocin nan masu ɗan karen tsada da gudu. Sai dai mutumin da ya ba su sunansa bai yi karatun injiniya a jami'a ba, kuma a tsawon rayuwarsa motocin da masana'antarsa ta ƙera ba su wuce kusan 8,000 ba. Ingancin aikin hannu ne ya ɗaga shi, sannan kafewarsa a kan ra'ayinsa ta jawo masa asara mai yawa.

An haifi Ettore Bugatti ranar 15 ga Satumba, 1881 a birnin Milan na ƙasar Italiya, a gidan masu sana'ar hannu. Mahaifinsa Carlo ya yi suna wajen ƙera kujeru da kayan ɗaki na alfarma, ƙanensa Rembrandt kuma ya shahara a sassaƙa siffofin dabbobi. Shi ma Ettore an so ya bi wannan layi, amma hankalinsa ya tafi ga inji. Yana ɗan shekara 17 ya shiga koyon aiki a kamfanin Prinetti da Stucchi mai ƙera kekuna.

A 1901 wata mota da ya haɗa ta samu lambar yabo a bajekolin Milan. Wannan ya sa kamfanin De Dietrich na yankin Alsace ya ɗauke shi aiki a 1902, kuma saboda bai kai shekara 21 ba, mahaifinsa ne ya sa hannu a takardar yarjejeniyar. Daga baya ya koma kamfanin Deutz a birnin Cologne na Jamus, inda bayan tashi daga aiki yake haɗa wata ƙaramar mota a ɗakin ƙarƙashin gidansa. A 1909 ya buɗe tasa masana'antar a wata tsohuwar ma'aikatar rini da ke garin Molsheim a Alsace, wanda a lokacin yake hannun Jamus, kafin ya koma Faransa bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya.

A mafi yawan motoci, idan za a haɗa ɓangarori biyu na inji, ana sa gasket a tsakani don ya toshe ɗan rashin daidaiton da ke fuskar ƙarfe. A Molsheim kuwa ma'aikata sukan kankare fuskokin da hannu har su zauna daram a kan juna ba tare da buƙatarsa ba. Yadda ake irin wannan aiki shi ne a shafa launi a kan wani faranti da aka tabbatar da daidaitonsa, a goga ƙarfen a kai, duk inda launi ya kama an san wurin ya yi tudu, sai a kankare shi, a sake gwadawa. Aiki ne mai cin lokaci da kuɗi, kuma ƙwararre kaɗai ke iya shi.

An ga amfanin wannan tsari a motar tsere ta Type 35 da ta fito a 1924. Aksil ɗinta na gaba an huda cikinsa don ya rage nauyi, sifirin kuma ya ratsa ta jikinsa maimakon a ɗaure shi a kai. Wilinta na alminiyon ne da aka zuba haɗe da gangar birki, saboda haka idan aka cire taya a tsakiyar tsere, birkin ya fito fili a duba shi nan take. Motar ta lashe tsere fiye da 1,000, ciki har da gasar Targa Florio ta tsibirin Sicily sau biyar a jere daga 1925 zuwa 1929, da gasar Monaco ta farko a 1929. Bugatti yana sayar da ita ga duk mai kuɗin saye, abin da ya ƙara yawan nasarorinta.

Nasara ta sa ya yi burin ƙera motar sarakuna, wato Royale. Tsawonta ya haura mita shida, nauyinta kusan tan uku, injinta kuma lita 12.7 ne. A goshinta aka ɗora siffar giwa a tsaye, aikin ƙanensa Rembrandt wanda ya mutu a 1916. A zamanin, attajiri kan sayi inji da gindin mota ne kawai, sannan ya kai wa masu bugun bodi su yi masa gangar jiki yadda yake so. Armand Esders, wani attajirin tufafi na Faransa, ya karɓi tasa a 1932 ba tare da fitilun gaba ba, domin ba ya tuƙi da dare.

An yi niyyar ƙera 25, amma karyewar tattalin arziƙin duniya ta 1929 ta riske su. Shida kawai aka kammala, uku aka sayar, kuma babu sarki ko ɗaya a cikin masu sayen. Abin da ya ceci kamfanin shi ne Bugatti ya ɗora irin wannan inji a jiragen ƙasa masu sauri da Faransa ta fara amfani da su a 1933. A 1934 ɗaya daga cikinsu ya yi gudun kilomita 196 a awa.

Bugatti ba ya saurin karɓar sabon abu idan ba daga kansa ya fito ba. Ya ci gaba da amfani da birkin waya har zuwa 1938, bayan wasu sun daɗe da komawa birkin mai. Lokacin da injinansa suka fara zama tsohon yayi, sai da aka kwance wasu motocin tsere biyu na Harry Miller, maƙeri ɗan Amurka, aka yi nazarinsu kafin a sabunta su.

Babban ɗansa Jean ne ya riƙa kawo canji. Shi ya tsara Type 57 Atlantic, wadda guda huɗu kawai aka yi. Motar gwajin da ta gabace ta an yi jikinta da gaurayen maganiziyom mai saurin kama wuta idan aka sa masa walda, sai aka haɗa ɓarayin biyu da ƙusoshin ribiti daga waje. Ko da aka koma alminiyon, an bar wannan doro da ya ratsa tsakiyar motar, ya zama alamarta.

A 1936 ma'aikatan Molsheim suka shiga yajin aikin da ya game Faransa. Bugatti, wanda yake kallon kansa a matsayin uba gare su, ya ji zafin abin har ya tare a Paris, ya bar wa Jean ragama. Motocinsu sun ci tseren awa 24 na Le Mans a 1937 da 1939. Amma ranar 11 ga Agusta, 1939, Jean yana gwajin motar da ta ci tseren, ya kauce wa wani mai keke, ya daki bishiya ya mutu yana da shekara 30. Makonni uku bayan haka Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke.

A lokacin mamayar Jamus masana'antar ta suɓuce masa, bayan yaƙi kuma gwamnatin Faransa ta riƙe ta, kasancewar shi ɗan Italiya ne. Ya zama ɗan ƙasar Faransa a 1946, kotu ta mayar masa da ita a 1947, amma a lokacin ciwo ya riga ya kayar da shi. Ya mutu ranar 21 ga Agusta, 1947 a wani asibiti da ke kusa da Paris yana da shekara 65, aka binne shi a Dorlisheim, daf da Molsheim.

Kamfanin bai sake miƙewa ba, har aka sayar da shi ga Hispano-Suiza a 1963. Motocin kuwa sun rayu. Wasu 'yan'uwa biyu masu masaƙu a Mulhouse, Fritz da Hans Schlumpf, sun tara fiye da 100 daga cikinsu, suka ɗauki kanikawa da masu bugun bodi suna gyara su a asirce. A 1977, bayan masaƙun sun durƙushe, ma'aikata suka kutsa suka gano su. Wurin ya zama gidan tarihin motoci na Faransa, inda har yau ake kallon Royale. Kamfanin Volkswagen ya sayi sunan Bugatti a 1998, ya mayar da ƙirar motocin garin Molsheim.