Sydney Ringer: Likitan da ya gano aikin kalsiyam a jikin ɗan Adam

Duk wanda aka taɓa yi wa ƙarin ruwa a asibiti, a Kano ne ko a Maraɗi, mai yiwuwa ya ga sunan Ringer a jikin ledar ruwan. Sunan wani likita ne ɗan ƙasar Ingila, Sydney Ringer, wanda bincikensa ya buɗe hanyar fahimtar yadda ƙwayoyin halittar jiki ke karɓar saƙo.

An haifi Ringer a birnin Norwich a shekarar 1835, kuma mahaifinsa ya rasu tun yana yaro. 'Yan uwansa biyu sun tafi fatauci, ɗaya a Shanghai, ɗaya a Nagasaki, shi kuwa ya shiga University College da ke London a 1854 domin karatun likita. A asibitin wannan kwaleji ya yi rayuwarsa ta aiki.

Ruwan famfo

In ya gama duba marasa lafiya, Ringer yakan wuce ɗakin gwaje-gwaje, inda yake ciro zuciyar kwaɗo ya riƙa zuba mata ruwan gishiri. A 1882 ya bayar da rahoton cewa zuciyar tana ci gaba da bugawa na tsawon lokaci.

Daga baya ya gano cewa da ruwan famfo aka haɗa ruwan gishirin, ba da tataccen ruwa ba. Da ya sake gwajin da tataccen ruwa, sai bugun ya yi rauni ya tsaya. Ya bi sinadaran ruwan famfon ɗaya bayan ɗaya, har ya tabbatar cewa kalsiyam ne sirrin. Ya wallafa sakamakon a 1883, tare da nuna cewa ana buƙatar ɗan fotasiyam domin bugun ya daidaita.

Kafin wannan lokaci, an fi sanin kalsiyam a matsayin abin gina ƙashi da haƙori.

Borin jini da amosanin gaɓɓai

An ɗauki shekaru da dama bayan rasuwarsa kafin masana su fahimci zurfin abin da ya gano. Kalsiyam ɗin da ke yawo a cikin ƙwayar halitta bai kai na wajenta ba da kimanin ninki 10,000. Saboda haka da zarar ƙofofin da ke jikin ƙwayar sun buɗe ya kwarara ciki, sai ya zama umarni gare ta.

Haka abin yake a borin jini da asma. Idan ƙura ko wani abinci ya tayar da wasu ƙwayoyin garkuwar jiki, shigar kalsiyam ce ke sa su fesar da sinadarin histamin, mai haddasa ƙaiƙayi, kumburi da toshewar numfashi. A 1958 Jack Mongar da Heinz Schild, a kwalejin da Ringer ya koyar, suka nuna cewa wannan ba ya faruwa sai da kalsiyam.

A wasu nau'o'in amosanin gaɓɓai kuwa, garkuwar jiki ce ke afka wa gaɓoɓin mai ita. Magunguna irin su cyclosporin da tacrolimus suna aiki ne ta hanyar datse saƙon da kalsiyam ke isarwa a cikin ƙwayoyin garkuwar.

A 1932 wani likitan yara ɗan Amurka, Alexis Hartmann, ya ƙara sinadarin laktet a haɗin Ringer. Shi ne ruwan da Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawarar a ɗaura wa wanda kwalara ta galabaitar.

Ringer ya rasu ranar 14 ga watan Oktoba, 1910, a ƙauyen Lastingham da ke yankin Yorkshire.