Muhammadu al-Katsinawi, Masanin Lissafin Hatimi

Jju ne harshen da na sha a nono, Hausa kuwa a kasuwar Kafanchan na tsince ta. Ina yaro akwai wani malami maƙwabcinmu da nakan ga yana zana gidaje tara a kan allo, yana cika su da lambobi. Mahaifiyata ta hana ni leƙawa, wai tsubbu ne. Sai da na shigo jami'a na gane cewa lissafi ne zalla a cikin zanen nan da ake kira hatimi, kuma wani Bakatsine ya yi suna a kansa har ƙasar Masar.

Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi. A Katsina ya tashi ya yi karatu, daga cikin malamansa akwai Muhammadu Alwali na Bagarmi. Wajen 1730 ya tafi aikin Hajji, daga baya ya zauna a Alƙahira.

A 1732 ya rubuta littafi da Larabci kan yadda ake gina hatimi mai gidaje mara a kowane gefe, wato uku, biyar, bakwai da sauransu. A na uku, ana jera 1 zuwa 9 ta yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da 15. A na biyar gidaje 25 ne, jimillar 65. Na gwada wannan da lalube, na kwana biyu ina goge takarda ban dace ba. Shi kuwa ƙa'ida ya shimfiɗa: inda za a aje lambar farko, inda za a matsa, da abin yi idan an tarar gida a cike. Irin wannan umarni daki-daki shi ake ba kwamfuta a yau ta warware matsalolin kimiyya. Gaskiya ne ya haɗa aikin da ilimin taurari da sirrin haruffa, kuma ina jin wannan ne ya sa malaman lissafinmu na sakandare ba su taɓa ambatarsa ba.

Ya rasu a Alƙahira a 1741, a gidan Hasan al-Jabarti, wanda ya bar wa amanar littattafansa. Ɗan Hasan ɗin, masanin tarihi Abdurrahman al-Jabarti, shi ya rubuta labarinsa.