Farfesa Abdullahi Smith, Mai Adana Takardun Kakanninmu

An haifi Abdullahi Smith a Ingila a 1920. Ya koyar da Tarihi a Ibadan, sa'an nan ya komo Zariya a 1962, ya shugabanci Sashen Tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello. Ya musulunta, ya zama ɗan ƙasar nan.

A zamanin nan gara da ɗigar ruwa suna ta cinye littattafan malamanmu. Shi kuwa sai ya duƙufa wajen tattara su, ana ɗaukar hotonsu. A 1970 ya kafa Gidan Arewa a Kaduna, a gidan marigayi Sardauna, don adana irin waɗannan takardu. Ya rasu a 1984.

To, 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu na Ringim, in akwai tsofaffin takardu cikin adakar kakanni, a duba su kafin gara ta riga mu.