Tarihin John Rolfe da zuriyarsa a Amurka

An haifi John Rolfe ne a Ingila a shekarar 1585, kuma yana cikin Turawan farko da suka yi kaka-gida a Virginia ta Amurka.

Ya isa garin Jamestown a 1610, bayan jirgin ruwan da ya ɗauko su ya tarwatse a tsibirin Bermuda. 'Yarsa jaririya ta rasu a can, matarsa ma ba ta daɗe ba ta bi ta.

Ya tarar da yunwa ta kusa ƙarar da mazauna garin. A 1612 ya fara noma wani irin taba mai daɗin sha wanda ya samu kasuwa a Ingila. Tabar ta ceto Virginia daga durƙushewa, amma ta sa Turawa ƙwace gonakin 'yan asalin ƙasar, daga bisani kuma ta dogara ga bayi daga Afirka.

A 1614 Rolfe ya auri Pocahontas, 'yar sarkin ƙabilun Powhatan, wadda Turawa suka kama suka yi garkuwa da ita, ta kuma karɓi addinin Kirista. Auren ya kawo zaman lafiya na 'yan shekaru.

Sun haifi ɗa guda, Thomas, a 1615. Pocahontas ta rasu a Ingila a 1617, Rolfe ya bar yaron a can ya koma Virginia, bai kuma sake ganinsa ba har ya mutu a 1622.

Da Thomas ya girma ya dawo Virginia. 'Yarsa Jane ta auri Robert Bolling, kuma daga nan zuriyar ta bazu cikin manyan gidajen masu gonaki da bayi. Edith, matar Shugaba Woodrow Wilson, daga wannan tsatso ta fito.

Wannan dangantaka ta shiga har cikin doka. A 1924, da Virginia ta tsaurara haramcin aure tsakanin farar fata da sauran jinsuna, sai ta keɓe masu ɗan ɗigon jinin 'yan asalin ƙasar, don kada manyan da ke alfahari da Pocahontas su fita daga sahun Turawa.

Kotun ƙolin Amurka ta soke haramcin a 1967.