Leo Fender: Akantan Da Ya Ƙera Gitar Bes

An haifi Leo Fender a Jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka a shekarar 1909. Aikin akanta ya karanta, amma da ya rasa aikinsa sai ya buɗe shagon gyaran rediyo a garin Fullerton a 1938. Nan makaɗa suka riƙa kawo masa amfilifayoyinsu gyara, yana sauraron koke-kokensu.

Masu kiɗan bes kuwa sun fi kowa shan wuya. A zamanin nan abin kiɗansu wani ƙaton goge ne mai tsayin mutum, ga wuyar ɗauka, ga shi ganguna da ƙahonni suna danne amonsa. A 1951 Fender ya fito da gitar bes mai aiki da lantarki, watau Precision Bass, wadda ake ratayawa a kafaɗa, sa'an nan ya biyo ta da amfilifayar Bassman a 1952. Daga baya masu kaɗa gita zalla suka rungumi Bassman ɗin, har kamfanin Marshall na Ingila ya kwaikwaye ta a 1962. Abin mamaki, shi Fender bai taɓa koyon kaɗa gita ba.

Ya sayar wa CBS kamfaninsa a 1965 a kan dala miliyan 13, kuma kayan da aka ƙera kafin wannan ciniki sun fi na bayansu tsada a kasuwar gwanjo. Ya rasu a 1991.